Ku Tambaye Shi Ƙarfe Nawa Suke Zuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Lahadi daga farko har ƙarshe, kuma wallahi barci bai ɗauke ni ba sai gab da asuba saboda takaici. Minti arba'in baƙonku daga hukumar da ke binciken gidajen kula da tsofaffi yana zuba, mai gabatarwa yana ta “haka ne, ranka ya daɗe”, amma tambaya ɗaya tak da ta kamata a yi masa ba a yi ba: ƙarfe nawa masu binciken nasu suke zuwa gidajen tsofaffin nan?

Ya ce suna zuwa, suna duba takardu, kuma yawancin gidajen sun cika sharuɗɗa. Ban ce ƙarya ya yi ba, abin da aka nuna masa ya faɗa. Ni kuwa ina cikin masu shirya abin da ake nunawar. Shekara shida na yi ina dutin dare a wani gidan kula da tsofaffi, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ƙeyar mai bincike bayan faɗuwar rana ba, ko sau ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ku yi haƙuri ku ji daga bakina.

Kwanaki kafin su zo za a bugo waya ofis a ce a tanadi fayil kaza da kaza. Shi ke nan gida ya ɗauka. A kira mai fenti, a buɗe sito a fito da sababbin zannuwan gado da tawul waɗanda muke roƙo duk wata ana hana mu, a ɗauko ma'aikatan haya na kwana biyu har ka ga mutane suna karo da juna a baranda. Mu 'yan dare kuma sai a ce kada mu tafi gida da safe, mu zauna mu cike takardu. Tsohon da ba ya iya motsi a gado dole a riƙa juya shi kamar duk awa biyu, in ba haka ba jini ya daina kaiwa inda ƙashi ya danne fata, wajen kwankwaso da ƙashin gindi da dunduniya, naman wurin ya mutu, gyambo ya buɗe. Akwai takarda a gindin kowane gado da ake sa hannu duk lokacin da aka juya shi. Manaja da kanta take miƙo mana biro kala uku, don kada a gane a zama ɗaya aka cike guraben sati uku. Na sa hannu, Malam Edita. Ina da 'ya'ya, ina tsoron rasa aikina, na sa. Har yau abin yana cina.

Akwai wata baiwar Allah a ɗakin ƙarshe na bene, Inna nake ce mata. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, maganarta ba ta fita sosai, amma idonta yana bin ka duk inda ka yi. Na dawo daga hutun kwana huɗu, na shiga wajenta wajen ƙarfe biyun dare, tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni. Famfas ɗinta ya jiƙe har katifa. Da muka juya ta sai ga rami a ƙashin gindinta, faɗin tafin hannuna, gefensa ya yi baƙi. Ba ta yi kuka ba, hannuna kawai ta damƙe da hannunta mai lafiya ta ƙi saki. Na ɗaga takardar gadonta, ba gurbi ko ɗaya da babu sa hannu. Igiyar ƙararrawarta kuma an rataye ta a bayan allon gado, inda ko mai lafiya sai ya miƙe zai kai. Wata guda bayan wannan dare rahoton bincike ya fito, ya yaba wa gidan a kan kula da fatar mazauna, aka sa shi a gilashi aka kafe a bakin ƙofa.

Kada wani ya ce abokan aikina mugaye ne. Mu biyu ne a kan tsofaffi talatin da huɗu, a hawa biyu, daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Goma sha biyu daga cikinsu sai mutum biyu sun kama kafin su juyu. To idan mu biyun muna sama muna juya mutum ɗaya, wa ke ƙasa? Ƙararrawa tana kuka, mai cutar mantau ya fito yana neman hanyar gidansu, wata ta gaji da jira ta sauko da kanta za ta banɗaki ta faɗi. Wannan lissafin ko ɗan firamare zai yi shi, amma sai wanda ya tsaya a barandar nan ƙarfe uku na dare zai san akwai shi. Jadawalin da ke ofis mutum huɗu yake nunawa.

Baƙonku ya ce zuwan dare zai hana tsofaffi barci. Nan ne raina ya fi ɓaci. Wane barci? Rabinsu idonsu biyu suna jiran a zo a sauya su, waɗanda suka yi shiru kuma a duba takardar maganinsu a ga abin da aka ba su da magariba. Mai bincike ba ganga zai zo da ita ba. Ya zo shi kaɗai da tocila, ya ƙirga ma'aikatan da ya tarar, ya danna ƙararrawa ɗaya ya duba agogo, ya nemi izinin tsoho ko iyalinsa a ɗaga masa zanin gado. Ya kuma duba ƙofofi. Mu da takarda muke tokare ƙofofin ɗakuna a buɗe don mu riƙa jin motsinsu, tunda ba mu isa mu leƙa kowa ba, alhali ƙofofin an yi su ne don su tare hayaƙi. Ƙofar gudun gobara ta ƙasa kuwa kekunan guragu da kwandunan wanki ake jerawa a gabanta kullum da dare, a kwashe da safe.

Sai daga baya na san irin wasan da muke yi da rayuka. A gidan Rosepark da ke Sikotland, a watan Janairun 2004, wuta ta tashi da asuba a wani ɗan kabad saboda matsalar wayar lantarki, tsofaffi 14 suka rasu. Binciken kotu ya gano ƙofofin ɗakuna da dama a buɗe suke, an kuma yi jinkirin minti tara kafin a kira 'yan kwana-kwana. A garin L'Isle-Verte na lardin Quebec a Kanada, Janairun 2014, bayan sha biyun dare wutar ta kama, ma'aikaci ɗaya ne a bakin aiki, tsohon ɓangaren ginin babu na'urar yayyafa ruwa, mutum 32 suka tafi. Dukansu da dare ne, lokacin da baƙonku yake ganin bai dace a dame su ba.

Kuma ba wani sabon abu nake nema ba. A Amurka, tun dokar 1987 ba a sanar da ranar bincike, ba a kuma yarda gida ya wuce wata 15 ba a shiga an duba shi ba, sannan ƙa'ida ta ce aƙalla kashi 10 cikin 100 na binciken a fara su a wajen lokutan ofis, da dare ko da asuba ko a ƙarshen mako. A Ostireliya, gidan Oakden na birnin Adelaide yana riƙe da takardar shaidar inganci ake gallaza wa mazaunansa, har aka rufe shi a 2017. Daga Yulin 2018 suka daina sanar da zuwan masu sabunta shaidar, daga Yulin 2023 kuma doka ta wajabta a samu nas mai rajista a gida dare da rana. Ban ce sun gama da matsalarsu ba, amma sun yarda cewa gidan da ake gani da hantsi ba shi ne gidan da tsoho yake kwana ba. Me ya hana mai gabatar da shirinku ya ajiye wa baƙon ko ɗaya daga cikin waɗannan a gabansa?

Ya kuma ce suna hira da mazauna. Na ga irin hirar. Wani dattijo da ya kwana yana kiran sunan matarsa da ta rasu, an yi masa aski an sa masa riga mai guga, mai bincike ta durƙusa ta ce, “Baba, ana kula da kai?” Manaja tana tsaye a bakin ƙofa tana murmushi. Ya dube ta, ya ce, “Lafiya lau, 'yata.” Me zai ce? Mai bincike za ta shiga mota ta tafi, shi kuwa a hannun waɗannan mutane zai kwana.

Da abin Inna ya ishe ni na rubuta wa hukumar takarda, na roƙe su kada su faɗi sunana. Sati biyu bayan haka manaja ta kira ni ofis, takardata a kan teburinta. Sun aiko mata ne ta ba da amsa. Ba a kore ni ba, sai dai aka rage mini kwanakin aiki har na gaji na bari. Inna ta rasu a asibiti kafin in tafi, Allah Ya jiƙanta. 'Yarta ta rungume ni tana mini godiya, ni kuma na kasa haɗa ido da ita.

Shi ya sa laifin nake ɗora muku ku ma. A Faransa ɗan jarida ne ya tona yadda ake ƙididdige wa tsofaffi famfas a gidajen kamfanin Orpea a 2022, sannan gwamnati ta ce a bi gidaje 7,500 na ƙasar a duba. A Ostireliya ma ana gobe za a haska wani shirin talabijin gwamnati ta sanar da kafa babban kwamitin bincike a Satumbar 2018. Ku kuna da makirfo, kuna da mutumin a gabanku, kuka sallame shi da godiya. Na buga layinku sau bakwai a daren nan ba a ɗauka ba. Ku sake gayyato shi, ku zaunar da shi kusa da wadda ta yi dutin dare, ko ni ko wata, ku tambaye shi bincike nawa suka fara bayan ƙarfe goma na dare a bara, da kuma dalilin da ya sa takardar mai ƙorafi take komawa hannun wanda aka kai ƙara.

Sannan don Allah ku rage kiɗan nan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar masu kiran waya. Wata uku ke nan da kuka fara shi. Mahaifina kunnensa ya yi nauyi, da shi muke sauraro, yanzu duk wanda ya kira sai na maimaita masa abin da ya ce, kafin in gama kun wuce zuwa wani.

Taku mai sauraro,
tsohuwar ma'aikaciyar dare a gidan kula da tsofaffi