Willie Mays ne na ɗaya, ba Babe Ruth ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ni mai karatunku ne daga unguwar Bronx a birnin New York, inda nake sana'ar tuƙin tasi. Abin da ya sa na rubuto shi ne ɗan bayanin da ya fito a shafinku na wasanni kan besbol, wanda ya jera manyan 'yan wasan tarihi ya ɗora Babe Ruth a kan kowa. Na ji daɗi da jaridar Hausa ta waiwayi wasan da nake sauraro a rediyon mota tun daga Afrilu har Oktoba. Amma jerin nan ban yarda da shi ba, kuma ina roƙon fili in faɗi dalilina.

Ga wanda bai saba da wasan ba, mutum tara ne ke fita fili a kowace ƙungiya. Ɗaya mai jifa ne, shi lissafinsa daban. Sauran takwas ɗin su ake gardama a kansu, kuma aiki biyu ne a wuyan kowannensu. In layi ya zo kansa ya ɗauki gora ya bugi ƙwallo ya zaga tasha huɗu. In abokan hamayya ne ke bugu, ya sa safar hannu ya tsare wurinsa, ya cafe, ya jefa. Wanda ya auna mutum da bugu kaɗai, rabin aikinsa ya auna. Abin da ya faru da jerinku ke nan.

Ba raina Ruth nake yi ba. Mai zama a Bronx ya raina Ruth ai ya nemi faɗa da maƙwabta. Kafin zuwansa ana lallaɓa ƙwallo ne a samu tasha ɗaya, a saci ta biyu, wato a ruga can yayin da mai jifa ke jifa. Shi ya zo ya ce a tsallake katanga da ita gaba ɗaya, abin da ake kira homron. A 1920, shekararsa ta farko a Yankees, ƙungiyar da gidanta ke nan Bronx, bayan Boston ta sayar da shi, ya buga 54, kuma babu wata ƙungiya a rukuninsu na Amerikan Lig da dukan 'yan wasanta suka tara haka. A 1927 ya kai 60. Ya yi ritaya a 1935 da 714, kuma cikin kowane zuwa bugu 1,000 da aka lissafa masa ya ci 342. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma da wa ya kara? Tun daga 1914 da ya fara har ranar da ya ajiye gora, babu baƙar fata ko ɗaya da aka bari ya shiga babbar gasar. Satchel Paige na nan yana jifa, Oscar Charleston na nan yana tsaron tsakiyar fili, amma a gasarsu ta baƙaƙe, don an rufe musu ƙofa. Ba Ruth ya kafa dokar ba, har ma ya sha buga wasannin sada zumunta da ƙungiyoyin baƙaƙe bayan kaka ta ƙare. Duk da haka alƙaluman da ake yi masa kirari da su a cikin wannan shingen ya tara su. Kamar ɗan dambe ne da ya kashe kowa a fage, alhali an hana 'yan Guramada shigowa. Za a ce gwani ne, amma wanda ya ce ba kamarsa ya yi gaggawa. Ƙari kuma, a zamaninsa ƙungiyoyi 16 ne kacal, babu wadda ta wuce St. Louis ta yamma, da rana ake wasa, kuma mai jifa ɗaya kan kai tun farko har ƙarshe, ya gaji, mai bugu ya gane salonsa. Yau kuwa da mai jifa ya fara laushi sai a sauko da sabo.

Akwai masu cewa ai Ruth ya yi jifa, galibi a Boston, ya ci wasa 94 a haka. Gaskiya ne. Da tambayar ita ce wa ya fi kowa a besbol dungurungum, da wannan hujja ta yi nauyi. Amma jerinku na waɗanda ba masu jifa ba ne, don haka a ajiye ta gefe. Abin da ya rage shi ne gora, da tsaron gefen fili da babu wanda ke tunawa da shi, da gudu. Maganar gudu kuwa, a wasan ƙarshe na gasar Wold Siris ta 1926, wato karawar cin kofin kaka, Yankees na baya da ci ɗaya, saura mutum ɗaya a fitar, Ruth ya zabura zai saci tasha ta biyu aka kama shi. Nan gasar ta ƙare, St. Louis ta ɗauki kofi.

Yanzu ga Willie Mays. Yana ɗan shekara 17 ya buga wa Birmingham Black Barons a gasar baƙaƙe a 1948. Ya shigo New York Giants a 1951, shekara huɗu bayan Jackie Robinson ya fasa ƙofar a ranar 15 ga Afrilu 1947. Ke nan ya kara da farare da baƙaƙe da 'yan Kuba da Dominika da Puerto Rico, dare da rana. Ya buga homron 660, wato 54 ne tsakaninsa da Ruth, alhali aikin soja ya cinye masa yawancin 1952 da dukan 1953, sama da wasa 250. Da ya dawo a 1954 ya buga 41, ya zama gwarzon shekara, shekara ta gaba ya buga 51. Kowa ya yi wannan lissafin da kansa. Bayan ƙungiyar ta koma San Francisco ya shafe shekaru yana wasa a filin Candlestick, inda iskar teku ke maido da ƙwallon da ta kama hanyar fita, amma a 1965 ya sake buga 52 ya sake zama gwarzo. Shekara huɗu a jere, 1956 zuwa 1959, shi ya fi kowa satar tasha a rukuninsu.

Sai tsaron fili, wanda shi ne asalin maganata. Tsakiyar bayan fili shi ne wurin da ya fi faɗi, ba a ba rago. An fara ba da kyautar safar zinare ga gwanayen tsaro a 1957, Mays ya karɓe ta sau 12 a jere. Ƙwallon da ya cafe a sama sun haura 7,000, babu ɗan bayan fili da ya kai shi.

Ina roƙon duk mai waya ya nemi bidiyon wasan farko na Wold Siris ta 1954, Giants da Cleveland a filin Polo Grounds. Zagaye na takwas, ci biyu da biyu, Cleveland na da mutum biyu a kan tasha. Vic Wertz ya narka wa ƙwallo gora ta nufi can ƙuryar tsakiya, a filin da tsakiyarsa ta fi ta ko'ina zurfi. Mays ya juya wa mai bugu baya ya zura da gudu, lamba 24 kaɗai ake gani a bayansa, ya miƙa hannu ƙwallo ta sauko ta kan kafaɗarsa ta faɗa safa. Mutane a nan suke tsayawa su yi ta tafi. Ni abin da ya biyo baya ya fi burge ni: ya taka birki, ya juya, ya wurgo ƙwallon cikin fili har hularsa ta faɗi shi ma ya kife, don kada Larry Doby da ke tasha ta biyu ya samu zagayowa gida, wato tasha ta huɗu inda ake samun ci. Doby bai wuce ta uku ba. Giants ta ci wasan a zagaye na goma, ta kuma share Cleveland wasa huɗu a jere, ƙungiyar da ta ci wasa 111 a kakar. Filin nan an rushe shi, dogayen gidajen haya ne a wurin yanzu, tsallaken kogin Harlem daga filin Yankees. Na kan sauke fasinja a can, kuma dattawan unguwar har yau suna ba da labarin yadda Mays kan fito titi ya buga ƙwallo da sandar tsintsiya tare da yara.

Akwai wani ɗan Dominika da muke jiran fasinja tare a filin jirgi, shi kullum Hank Aaron yake kawo mini, kuma ba na iya ture shi da sauƙi. Aaron bai taɓa buga 50 a kaka ɗaya ba, amma ya tara 755, don shekara bayan shekara ba ya fashi. In ka cire homron ɗinsa duka, bugunsa da ya ci har yanzu ya haura 3,000. Mutum 2,297 ya koro gida, babu wanda ya kai haka. Kuma lokacin da ya doshi tarihin Ruth, wasiƙun zagi da barazanar kisa ne suka yi ta zuwa masa, har sai da aka haɗa shi da mai gadi, amma a ranar 8 ga Afrilu 1974 a Atlanta ya buga na 715. Abin da ya sa na sa shi ƙasa da Mays shi ne gefen dama ya fi tsarewa, kuma gefe ba tsakiya ba ne.

Barry Bonds shi ne ƙashin da ya tsaya wa kowa a wuya. In alƙaluma kaɗai za a bi, an gama magana: homron 762, guda 73 a 2001, gwarzon shekara sau 7, kuma shi kaɗai ne ya haɗa homron 500 da satar tasha 500. A 2004 masu jifa sun ba shi tasha kyauta sau 232, a ciki 120 da gangan, don tsoron abin da zai yi in ƙwallo ta zo masa daidai. Sai dai ƙarfin da ya zo masa bayan ya haura shekara 35, lokacin da jikin kowa ke ja da baya, shi ya jawo zargin allurar ƙara ƙarfi. Ya ce bai taɓa sha da saninsa ba, hukuncin da kotu ta yi masa a 2011 an soke shi a 2015, amma 'yan jaridar da ke zaɓen shiga zauren gwaraza na Cooperstown sun ƙi shi har wa'adinsa ya ƙare a 2022. Ni ba na cire shi daga jeri, don tun 1993 ya riga ya zama gwarzo sau uku yana siriri, kuma a 1998 ya haɗa 400 da 400. Amma shekarunsa na ƙarshe ba na karɓarsu a farashin da aka rubuta. Mays ne ma ubangidansa tun yana yaro, a gindinsa ya tashi.

Ted Williams na Boston, a iya bugu zalla ina ganin ko Ruth sai ya yi da gaske. Shi ne na ƙarshe da ya haura 400 cikin 1,000 a kakar manyan rukunan biyu, ya yi 406 a 1941. Yaƙin duniya na biyu da yaƙin Koriya sun ɗauke masa kusan shekara biyar yana tuƙa jirgin soja, duk da haka ya buga 521. Tsaro ne bai dame shi ba. Ina girmama shi da wani abu kuma: ranar da aka shigar da shi Cooperstown a 1966, ya yi amfani da jawabinsa ya nemi a shigar da Satchel Paige da Josh Gibson.

Gibson ɗin nan babu shi a jerinku sam, kuma wannan ya fi ɗora Ruth a sama ɓata mini rai. Shi mai tsugunne ne a bayan mai bugu, aikin da ya fi kowane cin gwiwa, ya buga wa Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords. Ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Robinson ya shiga. A Mayun 2024 hukumar gasar ta haɗe alƙaluman gasar baƙaƙe ta 1920 zuwa 1948 da nata, sai ga Gibson da 372 cikin 1,000, ya sauke Ty Cobb daga kan kujerar da ya daɗe a kai. Na san za a ce hujjar da na kafa wa Ruth ta hau kansa, tunda shi ma rabin gwanayen zamaninsa ya fuskanta, kuma wasanninsu na gasa ba su kai yawan na farare ba. Haka ne, shi ya sa ban ce shi ne na ɗaya ba. Bambancin dai shi ne ɗaya an hana shi shiga, ɗaya kuwa an share masa fili.

Matasa yanzu suna da wani ma'auni da ke haɗa bugu da gudu da tsaro ya fitar da yawan wasan da mutum ya ciyo wa ƙungiyarsa fiye da ɗan cike gurbi. A wannan ma'aunin Bonds da Ruth ne a gaba kusan kai da kai, Mays na bin su da ɗan tazara. Ɗana ya nuna mini a waya yana dariya. Na ce masa ma'aunin yana gwada kowa ne da mutanen zamaninsa, bai san waɗanda aka bari a waje ba, bai kuma san aikin soja ba.

Ga nawa jerin: Mays, sai Ruth, sai Aaron, sai Williams, sai Bonds. Gibson na biye, gaba da duk wani mai tsugunne. Bayansu a yi ta gardama kan Honus Wagner, Cobb, Charleston, Stan Musial, Mickey Mantle, Lou Gehrig da Rickey Henderson mai satar tasha 1,406. Shohei Ohtani, da ya buga 54 ya saci 59 a 2024, a bar shi tukuna ya gama aikinsa. Kuma don Allah, Malam Edita, in Oktoba ta zo a riƙa ba mu ko layi biyu ne na sakamakon Wold Siris a ƙasan labarin Firimiya, akwai Hausawa da yawa a nan Bronx da Harlem da ke bibiya.

Na gode.

Mai karatunku,
Direban tasi daga Bronx, New York