Firjin mai shago da kujerun gwamnati

Coventry, Ingila
5 ga Afrilu, 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya jikin Inna? Ya yara, ya aka ji da hidimar sallah? Mu ma ranar Lahadi muka yi tamu, sai dai ko la'asar ba a yi ba na koma bakin aiki.

Na ji ka ɗan yi fushi da na ce kada a taɓa kuɗin shagon nan a yi fenti da allon suna tukuna. Ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Abin da nake gani a wuraren aikina biyu ne ya sa na faɗi haka.

Da asuba ina shara da goge-goge a wani ofishin gwamnati. Cikin hunturu sandar abin goge ƙasa ta karye, abin da bai kai fam goma ba. Sai da na cike takarda, shugabata ta sa hannu, aka tura wa masu sayayya, na yi mako uku ina aiki da sanda ɗaure da salatif. Na ce lallai mutanen nan sun iya tattali. Ashe ban ga komai ba. Shekarar kasafinsu ranar 31 ga Maris take ƙarewa, kuma kowane sashe na tsoron idan ya bar ragowar kuɗi, baɗi a rage masa. Wallahi Yaya, watan jiya sai ga motoci suna sauke sababbin kujeru da allunan kwamfuta, tsofaffin kuwa, waɗanda ni nake gogewa kullum na san lafiyarsu ƙalau, aka jibge su a lungu. Ba wanda ya saci ko kwabo, kowane abu da rasiɗinsa. Kuɗin ne kawai babu wanda yake jin zafinsa a jikinsa. Kai da ka daɗe a sakatariya ka san yadda Disamba take.

Da yamma kuma ina shagon kayan abinci na wani dattijo ɗan Pakistan. Wannan bawan Allah ledar shara ma ƙirga ta yake yi, in ka bar fitilar sito a kunne sai ka sha faɗa. Amma daren da babban firjin nama ya mutu, a gabana ya ɗauki waya, kafin azahar ta washegari an kawo wani. Bai cike takarda ba, bai jira kowa ba, don ya san in naman ya lalace aljihunsa ne zai yi kuka. Kada ka ce waliyyi ne fa. Mintunanmu ma ƙirga su yake yi, kuma da ba don doka ta sa mafi ƙarancin albashi ya koma fam 12.21 a awa daga farkon watan nan ba, ba na jin zai ƙara mana ko sisi.

Nan kusa da mu, Birmingham, tafiyar kamar minti ashirin a jirgin ƙasa, hukumar birnin ta fito a watan Satumba na 2023 ta ce kuɗinta ba za su iya ɗaukar ta ba. Bashin mata ma'aikata da aka daɗe ana biya ƙasa da maza ya taso mata, ga wata manhajar kwamfuta da ta ci ninkin-ba-ninkin abin da aka tsara. Da shago ne da tuni an rufe. Su kuwa harajin gidaje suka ƙara da kusan kashi 10 cikin ɗari a bara, yanzu kuma masu kwasar shara na yajin aiki, bola ta cika tituna. Gani ya kori ji, na je na gani da idona.

Saboda haka, don Allah abin da na turo a fara sayen firiza da sola, tunda zafi ya shigo, ruwan sanyi da ƙanƙara za su tafi. Fenti ya jira bayan damina. A samu littafi a riƙa rubuta duk abin da ya fita, har da wanda 'yan gida suka ɗauka, ko Inna ce ta aiko a rubuta, ni zan biya.

A gaida Inna, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. A gaida Anti da yara. In an samu mai zuwa, a aiko mini da kuka da yajin daddawa, nawa ya ƙare tun azumi.

Ƙaninka