Godiya ga shagon kwamfuta na unguwarmu, Aboabo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigida da samarin shagon kwamfuta da buga takardu da ke bakin titi a Aboabo, Kumasi. Bayan gaisuwa, na zaɓi in yi godiyata a bainar jama'a, domin yaba kyauta tukwici.

Sana'ata aikin babbar riga. Wani Alhaji ya kawo mini rigar marigayi mahaifinsa, aska takwas, aikin hannu, yana so a fitar masa da zanen a kan sabuwar shadda. Sai dai ya fi mahaifin nasa jiki, dole zanen ya ƙara girma. Rigar kuwa ta tsufa har zare na zuba, ba za ta jure a ɗora mata takarda a bi da fensir ba.

Buga hotonta kawai ya kawo ni wurinku. Wani shagon da sai a buga, a karɓi kuɗi, a sallame ni. Yaronku ya duba wayata ya ce, "Baba, hoton nan a karkace yake. Ku shimfiɗa rigar a ƙasa, ku ajiye tef ɗin awo a gefenta, ku ɗauka daga sama sak."

Da na dawo sai ya buɗe GeoGebra, manhajar lissafi ta kyauta da Markus Hohenwarter ya fara a 2001 a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya. Ya saka hoton, ya tura shi baya, ragar layuka ta hau kansa, ya ɗan dusashe shi don layukan su fito. Kusurwoyin hoton biyu na ƙasa suna da ɗigo, A da B. Ya yi ta jan su a hankali har inci 1 na tef ya cika gida 1 cif. Ya kuma kulle ma'aunin tsaye da na kwance a 1:1, ya ce in ba haka ba tambarin da yake zagaye zai fito kamar ƙwai. Sifili ya sa shi a tsakiyar wuya. Daga nan tsinin kowace aska ya sami lambobinsa biyu: gida nawa a kwance, gida nawa a tsaye.

Saura ya zama aikina. Na ja gidaje da alli a kan shadda, kowane inci 1 da kwata, na kwashe zanen gida-gida. Ranar da Alhaji ya zo karɓa, ya jera rigunan biyu ya daɗe yana kallo kafin ya yi magana.

Kuɗin bugawa kaɗai kuka karɓa, alhali ga layin masu jiran fotokwafi, yaron kuma bai taɓa ɗaure mini fuska ba duk da yawan tambayata. Maigida, ka iya tarbiyya.

'Yan'uwa maɗinka na Asawase da Sabon Zango, mai tsohon zane da yake tsoron ya ɓace, ya je da hoto da tef ɗinsa a ciki.

Allah ya ƙara kasuwa, ya yi wa yaran albarka.

Naku,
wani maɗinki a Aboabo, Kumasi