Ƙirga Igiyoyin Farashi Ba Duba Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili domin in ja hankalin matasan da suka fara koyon cinikin hannun jari da canjin kuɗi ta intanet, musamman waɗanda ake koya wa hasashen farashi ta hanyar ƙirga igiyoyinsa a jikin jadawali.

Dabarar ta samo asali ne daga wani akawu ɗan Amurka, Ralph Nelson Elliott, wanda ya wallafa ta a 1938 bayan ya daɗe yana nazarin kasuwar hannun jari. Ya lura cewa farashi yana kaiwa yana komowa kamar igiyar ruwa, saboda yadda kwaɗayi da tsoro ke juya taron masu ciniki. A cewarsa, kasuwa mai hawa tana yin igiyoyi biyar, ta ɗaya da ta uku da ta biyar suna yin sama, ta biyu da ta huɗu kuma ɗan ja da baya ne, sannan igiyoyi uku na gyara su biyo, waɗanda ake yi wa laƙabi da A da B da C.

Abin da ke damuna shi ne, a kan jadawalin da ya riga ya wuce ake koyar da ƙirgar, inda kowace igiya ta fito ɓaro-ɓaro. A bakin jadawali kuwa, inda farashin yanzu yake motsi, ƙwararru biyu za su iya ƙirga abu guda su saɓa. Kwanakin baya wani ƙanena ya nuna mini wayarsa, ya jera lambobi a kan zanen, yana da yaƙinin cewa igiya ta uku ta fara. Farashin ya faɗo har ƙasa da inda ta ɗaya ta tashi, amma ya ƙi fita, yana ta sake lambobin don su dace da burinsa, har jarinsa ya kusa ƙarewa.

Da ya riƙe dokokin dabarar, da ya tsira da mafi yawan kuɗinsa, domin igiya ta biyu ba ta taɓa wuce mafarin ta ɗaya. Haka nan ta uku ba ta zama mafi gajarta a cikin masu hawa, ta huɗu kuma ba ta shiga yankin ta ɗaya. A ganina, amfanin dokokin ga sabon shiga shi ne su nuna masa daidai wurin da ƙirgarsa ta rushe, don ya kafa iyakar asararsa a nan tun kafin ya saya. Ma'aunin Fibonacci, wato lissafin da ake hasashen iyakar ja da bayan farashi da shi, kamar kashi 38.2 da 61.8 cikin ɗari, wanda ake haɗawa da dabarar, ishara ce kawai, ba ta da ƙarfin doka.

Don haka ina roƙon shafinku na kasuwanci ya gayyato masana su yi bayanin dabarar da misalan inda ta kuskure, tare da shawartar masu koyo su fara gwaji da asusun da babu kuɗin gaske a ciki.

Naku mai karatu a kullum.