Kada a mayar da wahalar wata shida share fage

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasanni don in yi magana a kan besbol na Amurka, wasan da ba kasafai ake taɓo shi da harshenmu ba. Mu Hausawan da ke zaune a Bronx ta birnin New York, inda filin ƙungiyar Yankees yake, wasan nan ya shiga jininmu, balle 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu ƙungiyoyin MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, suke ta ƙara yawan waɗanda ke shiga zagayen neman kofi na watan Oktoba, har kakar wasa ta fara rasa darajarta.

Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, 15 a ɓangaren American League, 15 a National League, kowane ɓangare kuma an raba shi zuwa ƙananan rukunoni. Kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. Wannan tsawo yana da dalili. A besbol ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi da ƙyar take wuce cin wasa shida cikin goma, ta ƙarshen tebur kuma tana iya doke ta yau ta sake doke ta gobe, ba wanda zai yi mamaki. Sai an yi ta bugawa wata da watanni kafin a rarrabe aya da tsakuwa.

Tun daga 1903 da aka fara gasar ƙarshe ta World Series har zuwa 1968, wadda ta zo ta ɗaya a kowane ɓangare ita ce ke zuwa kai tsaye. A 1969 masu shiga suka zama huɗu, a 1995 takwas, a 2012 goma, a 2022 goma sha biyu. A rikicin da ya tsayar da harkokin gasar na kwana 99 kafin kakar 2022, goma sha huɗu masu ƙungiyoyin suka nema, 'yan wasa ne suka tsaya a kan sha biyu. Dalilin neman kuwa ba ɓoyayye ba ne: kowane ƙarin zagaye sabon kaya ne da za a sayar wa gidajen talabijin.

To, mu duba abin da ya biyo baya. A 2022 Los Angeles Dodgers ta ci wasa 111, amma San Diego Padres mai 89 ta fitar da ita cikin wasa huɗu. Atlanta Braves mai 101 ta faɗi a hannun Philadelphia Phillies mai 87. A 2023 abin ya fi muni. Ƙungiyoyi uku ne suka kai nasara 100 a kakar, wato Braves mai 104, Baltimore Orioles mai 101, da Dodgers mai 100, kuma dukansu aka yi waje da su a karonsu na farko. Wasa ɗaya tak su ukun suka iya ci gaba ɗaya. Arizona Diamondbacks, wadda ta ci 84 ta faɗi 78, ita ce ta je World Series, inda Texas Rangers ta doke ta. Ban raina ƙoƙarin Arizona ba, sun yi wasa mai kyau a lokacin da ya dace. Amma Dodgers ta ba su tazarar wasa 16 a rukuni ɗaya, sai wasa ukun da Arizona ta fitar da ita da su suka shafe wannan tazara kamar ba a yi ba.

Wasu na ɗora laifin a kan hutun kwana biyar da ake ba manyan ƙungiyoyi yayin da ƙananan ke fafatawa, wai hannun masu dukan ƙwallo da sanda yana sanyi. Ni ban gamsu ba. Houston Astros ta huta a 2022 kuma ta ɗauki kofin, Dodgers da Yankees sun huta a 2024 kuma su suka haɗu a wasan ƙarshe. Matsalar tana cikin gajartar karon ne. A tsawon kaka, sai ƙungiya tana da masu jifan ƙwallo biyar da ke karɓa-karɓa, da wasu a benci masu tare gurbin wanda ya ji rauni, kafin ta kai nasara 100. A karon da wanda ya fara cin uku ya wuce, gwanayen jifa biyu sun isa su kai ƙungiya gaba. Wannan ma'auni daban ne, ba ya auna abin da aka gina tun bazara.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin da shugabannin ƙungiyoyi suka ɗauka. Idan nasara 84 tana kai mutum Oktoba, me zai sa mai kulob ya zuba kuɗi don ya kai 100? A ƙarshen kakar 2023 Jerry Dipoto, shugaban harkokin wasa na ƙungiyar Seattle Mariners, ya faɗa wa 'yan jarida cewa abin da suke nema shi ne cin kashi 54 cikin 100 na wasanninsu a tsawon shekara goma. Magoya baya sun fusata, amma gaskiyar lissafin tsarin ya faɗa. Haka kuma tun 2022 aka soke wasan raba gardama da ake yi idan ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki a ƙarshen kaka, irin wanda Yankees ta doke Boston Red Sox a 1978, wanda dattawan unguwar nan har yau suke ba da labarinsa. Yanzu a takarda ake raba su.

Ba ina cewa a koma zamanin da ba ne. A 1993 San Francisco Giants ta ci 103 amma ta zauna gida saboda Braves ta ci 104 a rukuninsu, wannan ma zalunci ne, kuma gurbin alfarma da aka buɗe wa waɗanda ba su ci rukuninsu ba ya yi maganinsa. Na kuma san daɗin da mutanen ƙananan birane ke ji idan Satumba ta zo ƙungiyarsu na da sauran rai. Takwas sun isa su biya wannan buƙata. Goma sha huɗu kuwa kusan rabin gasar ke nan.

Yarjejeniyar da aka ƙulla da 'yan wasa a 2022 wa'adinta Disambar 2026 ne, kuma a irin wannan zama ake taso da maganar ƙari. Idan ba za a rage ba, to a tsaya a sha biyu, a mayar da zagaye na biyu ya zama na wasa bakwai maimakon biyar. A kuma duba Japan, inda ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a kaka take shiga karon ƙarshe na ɓangarenta da nasara ɗaya a hannu, kuma a filinta ake buga duk wasannin.

Ina roƙonka, Malam Edita, idan Oktoba ta zo kuna kawo sakamakon World Series, ku riƙa haɗawa da yawan wasannin da kowace ƙungiya ta ci a kaka, don masu karatu su san wadda ta yi aikin wata shida da wadda ta dace da mako huɗu.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai karanta jaridarku,
daga Bronx, New York