Mun yanke shawarar ba za mu haihu ba, shin mun saɓa wa Allah?

Assalamu alaikum Malama. Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri kan wannan fili. Ni matar aure ce a Agege, nan Legas, ina ɗinki a gida, maigidana kuma yana harkar tumatir a kasuwar Mile 12.

Tun kafin a ɗaura mana aure gwajin jini ya nuna ni AS ce, shi ma AS, wato muna ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba mu da ciwon. Likita ta faɗa mana ƙarara cewa kowane ciki na ɗauka, akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi mai sikila, kuma lafiyar ɗan fari ba ta kare na biyu. Ni ba labarin sikila aka ba ni ba, ƙanena na yi jinya har Allah ya karɓi abinsa. Na san daren da ciwon ƙashi ke tashi, yaro yana cizon zanin gado, idanu sun yi ɗorawa, ana neman jini babu. Shi ya sa muka yi alkawari tsakaninmu za mu zauna ba haihuwa, na je aka sa min ashana a hannu.

An ce a cibiyar sikila ta Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH), ana gwada ciki tun yana ƙarami. To in ya fito SS, wato mai sikila, fa? Zuciyata ba za ta iya zubar da ciki ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne addini. Na san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce a auri mai soyayya mai haihuwa, domin zai yi alfahari da yawanmu. Na kuma san hadisin Jabir cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje don gudun ciki, alhali Alƙur'ani yana sauka. Malamarmu ta Islamiyya ta ce majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazarar haihuwa in ma'aurata sun yarda, ta haramta kashe haihuwa gaba ɗaya sai da larura. Tamu larurar ta kai? Ban juya mahaifa ba, amma niyyata har abada ce, kuma Allah niyya yake dubawa.

Akwai kuma wata gaskiya da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba na jin giɓi a rayuwata. Ina riƙon 'yar yayata, ina son ta, hankalina kwance. Wannan kwanciyar hankalin ma tsoro take ba ni.

Surukata kuwa ta ɗauka ni juya ce. Duk motar da ta taso daga Kano sai ta aiko da rubutu da sassaƙe, in ta kira waya har kuka take yi tana min addu'a. Tsohuwar kirki ce wallahi, kunyarta nake ji. Na ce wa Maigida ya ƙara aure, ya nemi mai AA, ya ce shi dai ba yanzu ba, kuma ya hana ni faɗa wa Hajiya komai.

Malama, ki taimaka ki tambayar min malamai hukuncin wannan niyya tamu. Sannan in bi maganar mijina in ci gaba da karɓar rubutun Hajiya ina shiru, ko in matsa masa mu je Kano mu faɗa mata?

'Yarki, daga Agege.