Dokar hana fita kaɗai ba za ta kashe wutar Bawku ba

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani rikici da ba kasafai yake fitowa a jaridun Hausa ba, alhali kuwa Hausawa da yawa suna kwana suna tashi a cikinsa. Ina nufin rikicin Bawku, garin da ke kusurwar arewa maso gabashin Ghana, inda iyakar ƙasar ta haɗu da ta Burkina Faso da ta Togo. A zangon garin aka haife ni, kuma ko da yake na daɗe a Kumasi ina sana'ar albasa, mahaifiyata da ƙannena suna can har yau. Mu ba Kusasi ba ne, ba kuma Mamprusi ba, wato ƙabilu biyun da ke rigimar, amma harsashi ba ya tambayar mutum yarensa kafin ya same shi.

Tushen rigimar sarauta ce. Mamprusi suna cewa Nayiri, babban sarkinsu da ke Nalerigu, shi ke da ikon ɗora Bawku Naba, wato sarkin Bawku, a kan fatar sarauta tun kafin zuwan Turawa, su kuwa Kusasi suna cewa ƙasar tasu ce tun asali, kuma su ne suka fi yawa a cikinta. Ba ni da bakin raba wannan gardama, kuma ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da nake so masu karatu su lura da shi shi ne yadda sarautar ta riƙa sauya hannu. A zamanin Kwame Nkrumah gwamnati ta amince da Abugrago Azoka na ɓangaren Kusasi. Da sojoji suka kifar da Nkrumah a 1966, sai suka kafa dokar da ta mayar da sarautar hannun Mamprusi. A 1983 gwamnatin Rawlings ta sake kafa wata doka ta mayar wa Kusasi. Magana ta kai Kotun Ƙoli a 2003, kuma tun daga lokacin duk gwamnatin da ta hau, ta jam'iyyar NPP ce ko ta NDC, tana cewa Asigri Abugrago Azoka II ne sarkin da doka ta sani. Darasin da kowane ɓangare ya ɗauka daga wannan tarihi ɗaya ne, wato hukuncin yau yana iya rushewa gobe idan mulki ya sauya a Akara, saboda haka babu dalilin ajiye makami. 'Yan siyasa kuwa ba su taɓa gajiya da raɗa wa mutane wannan magana a kunne ba duk lokacin da zaɓe ya ƙarato.

To, da me gwamnati take tunkarar ciwon da ya yi wannan zurfi? Tun da wutar ta sake tashi a ƙarshen 2021, maganin bai wuce uku ba: a turo ƙarin sojoji da 'yan sanda, a kafa dokar hana fita wadda Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida take ta sabuntawa, sannan a hana wasu abubuwa. An hana maza hawa babur, an kuma hana sanya batakari, wato rigar saƙi mai faɗi ta arewacin Ghana, domin ana ɓoye bindiga a ƙarƙashinta. A watan Yulin 2025, bayan an harbe ɗalibai a makarantun sakandare na Bawku da Nalerigu, gwamnati ta ce ta tashi daga kiyaye zaman lafiya ta koma tilasta shi, ta kuma mayar da dokar hana fita daga ƙarfe biyu na rana zuwa shida na safe.

Ya Edita, ka dubi abin da ƙarfe biyu na rana ya jawo wa talaka a lokacin. Mahaifiyata tana sayar da koko da ƙosai da safe, tuwo kuma da yamma, kuma cinikin yamman ne yake ciyar da gida. Da aka sa wannan doka sai tukunyar yamma ta kife. Babu jam'in la'asar, babu magariba, babu isha'i, babu asuba a masallaci. Matar da naƙuda ta kama da dare sai dai tsofaffin unguwa su yi abin da Allah ya hore musu, domin babu mai babur da zai yarda ya fito. Shi kuwa mai bindiga, wanda dominsa aka kafa dokar, dare ne lokacin aikinsa tun asali, kuma titin da babu kowa ya fi masa daɗin wucewa, tunda babu idon da zai gan shi.

Haka hanya take. Daga Bawku zuwa Bolgatanga tafiya ce da a da ba ta kai sa'a biyu ba, amma yanzu motoci da yawa sai sun jira rakiyar jami'an tsaro su tafi a ayari. Ni da kaina na taɓa kwana biyu ina gadin lodin albasa a tasha muna jiran rakiya, rana tana dukan buhuna, har ƙasan motar ya fara ɗigar ruwa mai wari. Da muka tashi, a wani shinge da ba zan ambata ba, abin da masu kaki suka tambayi direba shi ne na goro, babu wanda ya ɗaga tamfol ya ga abin da ke ƙarƙashi. Na ce a raina, da bindigogi muka ɗauko da haka za mu wuce. Rikicin ma ya daina tsayawa a Bawku, domin a watan Oktoban 2024, bayan Seidu Abagre, wanda Nayiri ya naɗa Bawku Naba a Fabrairun 2023 gwamnati kuma ta ce naɗin ya saɓa wa doka, ya shiga garin, an tare matafiya a kusa da Walewale a kan hanyar Tamale aka kashe mutum takwas.

Ba ina cewa a janye sojoji ba ne. Duk wanda ya kwana a ƙasan gado da 'ya'yansa yana jin ruwan harsashi a kan kwano ya san darajar ƙarar motar soja idan ta shigo unguwa. Sojoji da 'yan sanda da jami'an shige da fice sun rasa rayukansu a wannan aiki, kuma haƙƙinsu ne a faɗa. Abin da nake cewa shi ne, kulle mutane a gida yana rage yawan gawar mako guda, amma ba ya rage yawan bindigogin da ke cikin gari. Waɗannan bindigogi ba a Bawku ake ƙera su ba. Akwai masu sayo su, akwai masu biyan kuɗin harsashi, akwai masu shigo da su ta ɓarauniyar hanya a kewayen Kulungugu da Pulmakom, kuma saurayin da ba shi da kuɗin sayen katin waya ba shi ne yake sayen AK-47 ba. Sau nawa muka ji an kama mutane da makamai, sannan maganar ta bi ruwa? Muddin masu ɗaure gindi suna barci da munshari, kama yaran da suka aika ɓata lokaci ne.

Ga kuma abin da ya fi tayar mini da hankali. A tsallaken iyaka, Burkina Faso tana fama da masu iƙirarin jihadi, har dubban mutanenta sun gudo sun fake a ƙauyukan wannan yanki. Masu irin wannan aƙida ba sa neman abin da ya wuce gari mai makamai da yawa, da samari marasa aikin yi, da jama'ar da ta daina ganin jami'in gwamnati a matsayin mai kare ta. Mutanen Zamfara da Tillaberi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

An yi sasancin da Asantehene, sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, ya ɗauki nauyinsa, kuma mutane sun sa rai domin shi ne ya jagoranci sarakunan da suka warware rikicin masarautar Dagbon ta arewacin Ghana, wanda ya faro da kisan sarkinta, Ya-Na Yakubu Andani II, a 2002 bai kuma ƙare ba sai da aka naɗa sabon Ya-Na a 2019. Sai dai abin da ya yanke a rahoton da ya miƙa a Disambar 2025, gwamnati ce mai aiwatar da shi, kuma nan ne gizo yake saƙa. Ina kira ga Shugaba John Mahama da shugabannin adawa su fito tare a bainar jama'a su ce matsayar da aka cimma ba za ta sauya da sauyin mulki ba. A kai shari'ar waɗanda aka kama da makamai wata kotu nesa da yankin, a kuma riƙa sanar da jama'a hukuncin da aka yanke. A riƙa sauya jami'an da ke shingaye kafin su saba da direbobi. Dokar hana fita kuma, duk lokacin da za a tsaurara ta, a bar wa mutane wunin da za su nemi abinci, a kuma ajiye motar asibiti mai rakiya wadda za a iya kira da dare.

Naka mai karatu,
Wani ɗan kasuwar albasa daga zangon Bawku, mazaunin Kumasi